Duhun Oktoban 2024: wa ke da alhakin wutar Arewa?

Da asubahin Litinin, 21 ga Oktoba 2024, ana daf da ƙarfe biyar, ɗaya daga cikin manyan layukan wuta biyu da suka taso daga Ugwuaji ta jihar Enugu zuwa Apir, kusa da Makurɗi, ya katse. Wutar da yake ɗauke da ita ta juye kan na biyun. Minti biyar tsakani shi ma ya bi sahu. Kamfanin TCN, wanda dakon wuta a manyan layukan ƙasa yake hannunsa, ya ce megawat 468 aka rasa a wannan ɗan tsakanin. Kafin gari ya gama wayewa, Kano, Kaduna, Katsina, Jigawa, Bauchi, Gombe, Filato, Yobe, Borno da Adamawa duk sun shiga duhu.

Ranar farko babu wanda ya tayar da hankalinsa. Ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne, balle a makon da ya gabata ma babban layin ƙasa ya faɗi har sau uku. Kowa ya ɗauka zuwa magariba za a ji yara sun ɗauki ihun "An kawo!" Sai aka kwana, aka wuni, aka sake kwana. Ma'aikatan TCN sun sha yawo a ƙafa suna bin layin turke bayan turke, kafin su gano inda waya ta tsinke, can cikin wani daji mai fadama a yankin Igumale na jihar Binuwai. Ba a dawo da wuta ba sai yammacin Laraba, 30 ga wata, ita ma ta layi ɗaya, ana raba wa jihohi da ɗan kaɗan-kaɗan.

Abin da ya kamata ya ɗaure wa kowa kai shi ne, me ya haɗa Kano da wayar da ta tsinke a Binuwai? Manyan madatsun da ke samar wa Najeriya wuta ai a Arewa suke. Kainji, wadda aka kammala a 1968, tana jihar Neja. Shiroro mai megawat 600 tana jihar Neja. Sabuwar Zungeru mai megawat 700 ita ma can take, Jebba kuma tana kan iyakar Neja da Kwara. Tsawon layin wuta daga Shiroro zuwa Kaduna bai kai nisan Kano zuwa Zariya ba. To yaya aka yi har wutar Sabon Gari da Kantin Kwari ta koma sai ta biyo ta Enugu?

Gida mai zaure biyu

Wutar da ke shigowa tsakiyar Arewa da gabashinta hanya biyu take bi. Ta farko ta taso daga Shiroro ta sauka a tashar Mando da ke Kaduna. Ta biyu ta taso daga kudu maso gabas, ta ratsa Makurɗi da Lafiya ta hau Jos. Daga Mando ake tura wa tashar Kumbotso a Kano, wadda ke ciyar da Kano da Katsina da Jigawa har da wani ɓangare na Jamhuriyar Nijar. Daga Jos kuma ake miƙa wa Gombe, ita kuma ta raba wa Yola da Damaturu da Maiduguri. Gida ne mai ɗimbin jama'a da zaure biyu kacal: aka rufe ɗaya, kowa ya koma yana matsuwa a ɗayan, aka rufe na biyun, shi ke nan.

Zauren farko an riga an rufe shi tun kafin wannan Litinin. A tsakiyar watan TCN ta sanar cewa an lalata turaku biyu a layin Shiroro zuwa Kaduna, kuma ma'aikatanta ba za su iya shiga wurin ba saboda 'yan bindiga. Duk wanda ke bin labaran jihar Neja ya san wannan dajin. Tun a watan Afrilun 2021 gwamnan wancan lokaci, Abubakar Sani Bello, ya fito ya ce 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure, cikin ƙaramar hukumar Shiroro. Wato an shafe shekara uku da rabi ana sane da cewa jijiyar wutar Arewa ta ratsa ta yankin da gwamnati ba ta da cikakken iko a kansa.

Da layin Shiroro ya tsaya, sai aka ɗora dukkan nauyin a kan na Enugu. Injiniyoyi sun san wannan lallaɓawa ce kawai. Wuta idan ta yi doguwar tafiya ƙarfinta raguwa yake yi, don haka ko da waya tana iya ɗaukar kaya mai yawa, ba za a iya tura wa Kano duk abin da take buƙata ta wannan nisan ba, sai a dagula tsarin gaba ɗaya. Ƙa'idar da ake gina layukan wuta a kanta a duniya mai sauƙi ce: a tsara su yadda in guda ya faɗi sauran za su ɗauke nauyinsa ba tare da mai gida ya ma sani ba. Saboda haka ake yin su zobe, wuta tana iya zagayowa ta baya. Namu na Arewa miƙaƙƙe ne, ya tafi ya tsaya. Tsakanin Mando da Kumbotso ma tsohon layi guda ne ya daɗe yana riƙe da birnin da ya fi kowane yawan masana'antu a yankin. An daɗe da zana hanyar da za ta taso daga Kainji ta bi Birnin Kebbi da Sakkwato da Katsina ta haɗe da Kano, har da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Faransa, amma ranar da aka buƙace ta ba ta nan.

Abin da aka gani a unguwanni

Wanda ya fi kowa ciniki a waɗannan kwanaki shi ne mai cajin waya. Tebur guda, katako cike da soket a jere, ƙaramin janareto yana kuka a bayan rumfa. Kowace waya an manna mata lamba, mai ita ya tafi da rabin katin a aljihu. Tun da hantsi ramuka sun cika, masu zuwa daga baya sai su tsaya jiran wani ya cire. Ka ji ana "Malam, tawa ta cika?" shi kuma yana "Haba Hajiya, yanzu fa aka sa ta." Kuɗin caji ya tashi, kuma babu mai iya yi masa musu, domin shi ma da tsada ya sayo man. A zamanin da kuɗin mutane ke cikin waya, mai POS ke zaman banki, wayar da ta mutu tana nufin ba cefane.

Bayan waya sai ruwa. Injinan gidan ruwa da wuta suke aiki, haka ma rijiyoyin burtsatse na unguwa da 'yan ga-ruwa ke ɗiba. Mai burtsatse ya tayar da janareto, ya ƙara wa ɗan ga-ruwa kuɗin cika kura, shi kuma ya ƙara a kan kowace jarka. A wasu layukan ma ba tsadar ce matsalar ba, samun mai kurar ne. Sai matan da ke sana'a a cikin gida, waɗanda ba a cika sa su a lissafi ba: mai ƙanƙara, mai zoɓo da kunun aya, mai fura da yogot. Jarinsu duka firiza guda ce, da ita ake zubin adashi, da ita ake sayen littafin yara. Masu kifi da kaji na sanyi kuwa wasu sun karyar da kaya, wasu sun zubar. Mai walda, tela, mai injin markaɗe, mai aski, duk hannu ya koma haɓa. A Sharaɗa da Challawa da Bompai, masana'antar da ta ci gaba da aiki da dizal ta yi, wadda ba ta iya ba ta sallami leburori su jira a gida, kuma lebura ranar da bai fita ba ba shi da komai. Ga shi lokacin ƙarshen damina ne, zafi bai sauka ba, sauro na ganiyarsa, masu zazzaɓi sun cika ƙananan asibitoci, waɗanda da yawansu tocila ce abokiyar aikinsu ta dare.

Da a shekarun baya ne, da an ce kowa ya ja igiyar janaretonsa. Amma duhun ya zo ne wata goma sha bakwai bayan cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayun 2023, ita ce NNPC ta mayar naira 1,030 a Abuja ranar 9 ga wannan Oktoban, a nesa da Abuja kuma ta fi haka. Mai Adaidaita Sahu da mai jarkar janareto suka haɗu a layi ɗaya a gidan mai. Ashe shekara da shekaru man fetur mai arha ne yake rufa wa harkar lantarki asiri. Da aka janye shi ba tare da an gyara wutar ba, sai asirin ya tonu.

A wannan watan ne kuma, daren 15 ga wata, tankar mai ta faɗi a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, mutane suka taru kwasar mai, ta kama da wuta, sama da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ana iya cewa wannan wani zance ne daban, amma tushen ɗaya ne. Matatar Kaduna ba ta aiki, bututun da ke kai mai defo-defo na Arewa ya daɗe da zama tarihi, saboda haka duk litar da aka sha a nan sai ta yi doguwar tafiya a bayan tanka. Man namu a kan titi, wutar tamu a kan waya guda, dukkansu daga nesa, dukkansu babu mai gadi.

Kowa da wanda yake nunawa

Mutumin Kano da ya rasa wuta ofishin da sunansa ke kan takardar bil yake zuwa. A can za a ce masa, "Mu ma ba a ba mu ba." Kuma gaskiya suka faɗa. Tun ranar 1 ga Nuwamban 2013 da aka miƙa kadarorin tsohuwar NEPA, wadda ta zama PHCN, ga 'yan kasuwa, harkar ta rabu gida uku. Akwai kamfanonin da ke samar da wuta. Akwai TCN mai dako, wadda ta ci gaba da zama ta Gwamnatin Tarayya ɗari bisa ɗari. Sai kamfanonin rarrabawa guda 11, waɗanda aka sayar da kashi 60 na hannun jarinsu, gwamnati ta riƙe 40. KEDCO na da Kano, Katsina da Jigawa. Na Kaduna ya haɗa da Sakkwato, Kebbi da Zamfara. Na Jos yana da Filato, Bauchi, Gombe da Binuwai, na Yola kuma Adamawa, Taraba, Borno da Yobe. A samansu duka akwai hukumar NERC mai yanka farashi da sa ido.

Kamfanin rarrabawa ya nuna TCN. TCN ta nuna 'yan bindiga, ta ce sai jami'an tsaro sun share hanya. Jami'an tsaro kuma umarni suke jira. Umarnin bai fito ba sai ranar 28 ga wata, mako guda cur da shiga duhu, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya kira ministan lantarki Adebayo Adelabu, ya kuma umarci mai ba shi shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya haɗa kai da sojan ƙasa da na sama a ba wa masu gyara kariya.

A nan babu wani ɓoye-ɓoye: kaso mafi tsoka na alhakin yana wuyan Abuja. TCN tata ce, soja nata ne, 'yan sanda nata ne, haka ma jami'an tsaron farin kaya na sibil difens da doka ta ɗora wa gadin kadarorin ƙasa. Idan ma'aikatar lantarki ta ce rashin tsaro ne ya hana ta aiki, gwamnati ce take kai ƙarar kanta. Uzurin ya isa ga injiniyan da aka ce ya shiga dajin Shiroro da sifana a hannu, wannan kam babu mai ganin laifinsa. Bai isa ga wanda ke da ikon tura masa rakiya tun ranar da turken farko ya faɗi ba. Kuma alkawari ba a rasa shi ba. Yarjejeniyar da aka ƙulla da kamfanin Siemens na Jamus a 2019 ta ce za a kai megawat 7,000 a 2021, 11,000 a 2023, 25,000 a 2025. Lokacin da duhun ya zo, abin da ƙasar ke rabawa yana yawo ne tsakanin 4,000 da 5,000.

Daga cikin wannan ɗan abin, nawa ne rabon Arewa? A tsarin rabon da aka daɗe ana aiki da shi, Kano na da kashi 8 cikin ɗari, Kaduna 8, Jos 5.5, Yola 3.5. Haɗa su duka, kashi 25 ke nan na jihohi goma sha biyar. Kamfanoni biyu na Legas, Ikeja da Eko, suna da 26. Idan ƙasa ta samar da megawat 4,000, Kano da Katsina da Jigawa za su raba 320. Wasu na jin wannan sai su ce wariya ce. Akwai abin dubawa a ciki, amma akwai kuma gefen da ba mu son a taɓo: wuta haja ce, inda ake biya can take karkata. Kamfanonin rarrabawa na Arewa suna cikin masu fama da rashin tara kuɗi. A 2022 bankin Fidelity ya karɓe ragamar KEDCO saboda bashi. A Janairun 2024 NERC ta rushe shugabannin kamfanin Kaduna kan bashin naira biliyan 110. Kamfanin da ke wannan hali ba zai gina tashar ko-ta-kwana ba, taransifoma ma in ta ƙone sai unguwa ta yi karo-karo, alhali a ƙa'idar NERC aikin kamfani ne.

Me ya sa ba a biya? Wani ɓangare talauci ne, wani ɓangare satar wuta ce da kowa ya san ana yi a layinsu, wani kuma rashin yarda ne. Sama da rabin masu amfani da wuta a ƙasar ba su da mita a lokacin, bil na ƙiyasi ake kawo musu. Mai mita da aka yi duhu bai biya ko kwabo ba. Marar mita kuwa sai yadda aka ga dama da shi. Ga kuma 'yan rukunin Band A, waɗanda a Afrilun 2024 aka ninka musu farashi fiye da sau uku, daga naira 68 zuwa 225 kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana. Ita gwamnatin da ke wa'azin biyan kuɗin wuta, a Fabrairun wannan shekarar sai da kamfanin rarraba wuta na Abuja ya buga sunayen ma'aikatu da hukumomi 86 a jarida, har da fadar shugaban ƙasa, yana barazanar yanke musu wuta kan bashin kimanin naira biliyan 47.

An yi gargaɗi har sau uku

Maiduguri ce ta fara ɗanɗanawa. A Janairun 2021 'yan tada ƙayar baya suka tarwatsa turakun layin Damaturu. Aka gyara a Maris, cikin 'yan kwanaki suka sake dasa bam. Birnin ya kusa cinye shekarar babu wutar gwamnati. Maganin da aka samo shi ne a gina wa garin tasharsa: NNPC ta kafa mai megawat 50 da ke aiki da iskar gas, Shugaba Buhari ya buɗe ta a Maris na 2023. Iskar a mota ake kawo ta daga kudu, tana da tsada, amma an nuna cewa gari na iya samun abin dogaro a cikin gida.

Na biyu ya faru wata shida kacal kafin Oktoba. A Afrilun 2024 aka kayar da turaku huɗu tsakanin Jos da Gombe, Arewa maso Gabas ta yi makonni a duhu. Na uku kuwa daga maƙwabta ya zo, kuma mu ne muka jawo shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bisa takunkumin ECOWAS, alhali kusan kashi 70 na wutar ƙasar daga nan take zuwa. Yamai da Maraɗi da Damagaram suka sha wuya har zuwa Maris na 2024. NIGELEC, hukumar lantarkin Nijar, ta tayar da tsofaffin injinanta, ta hanzarta kunna tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30. Mutanen Nijar sun koyi darasin dogaro da waya guda mai zuwa daga nesa. Mu da muka riƙe makunnin ba mu lura cewa halinmu ɗaya da su ba. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta sau uku, ba wanda ya shafa wa nasa ruwa.

Gwamnoni fa?

Ranar da shugaban ƙasa ya ba da umarninsa, gwamnonin Arewa 19 da manyan sarakuna suna taro a Kaduna ƙarƙashin jagorancin Gwamna Inuwa Yahaya na Gombe. Sun yi kira ga Tarayya ta gaggauta gyara, ta kuma ƙara layuka. Amma abin da ya fito daga taron ya cika kafafen labarai shi ne ƙin amincewa da ƙudirin gyaran haraji, musamman rabon kuɗin harajin kayayyaki na VAT. A kan wannan aka shafe watanni ana kai ruwa rana. Zancen wuta kuwa, da fanka ta juya sai ya bi iska.

Shekaru da dama gwamna yana da amsa a shirye: lantarki na Tarayya ne. Ko a da ɗin ma amsar rabin gaskiya ce, domin kundin tsarin mulkin 1999 ya bar wa jihohi damar samar da wuta a wuraren da babban layin ƙasa bai kai ba, kuma ƙauyukan da suka dace da wannan siffa a Arewa ba sa ƙirguwa. A Maris na 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran da ya cire wannan shingen gaba ɗaya. A Yuni Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Lantarki. Yanzu jiha na iya samar da wuta, ta yi dakonta, ta rarraba, ta kafa hukumarta mai yanka farashi. Jihohin da suka fara karɓar wannan iko daga NERC a Afrilun 2024 su ne Enugu, Ekiti da Ondo. Ga kuma kuɗi: tun da aka cire tallafin mai, kason da jihohi ke karɓa daga asusun Tarayya ya ƙaru sosai. Talaka ya biya tsadar mai a gidan mai, rarar ta sauka a baitulmalin jiha. Yana da haƙƙin ya tambayi abin da aka saya masa da ita.

Ba wai ana cewa Jigawa ko Yobe ta gina layin da zai maye gurbin na Shiroro ba, wannan ya fi ƙarfin jiha. Abin da ke cikin ikon gwamna ya fi haka sauƙi, kuma shi ne ya fi yi wa mutane ciwo a Oktoba: gidan ruwa, babban asibiti, ɗakin ajiyar rigakafi, kasuwa, rukunin masana'antu. A ware waɗannan a ba su wutar da ba ta jiran Mando. An ma gwada a Kano an ga yana yiwuwa. An sa wa shaguna sola a kasuwar Sabon Gari tun 2018, Jami'ar Bayero ta samu tasharta mai megawat 7.1 a 2019, an kuma buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso a Janairun 2023. Madatsar Tiga, wadda Audu Bako ya gina a farkon shekarun 1970, da ta Challawa, gwamnatin Kwankwaso ta ba da kwangilar sa musu injinan wuta, aikin ya ratsa gwamnati bayan gwamnati yana jan ƙafa.

Sauran ayyukan na Tarayya kuwa an daɗe ana gafara sa. Tashar Kudenda a Kaduna mai megawat 215, tun 2009 aka ba da kwangilarta. Injinan iska na Lambar Rimi a Katsina, megawat 10 kacal, sun haura shekara goma ana fama. Bututun gas na AKK, daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda zai sa a iya kafa manyan tashoshi a Kaduna da Kano, an ƙaddamar da shi a Yunin 2020, duhun ya zo bai iso ba. Madatsar Mambilla ta jihar Taraba mai megawat 3,050 kuwa ta fi yin suna a kotu: a Janairun 2025 tsofaffin shugabanni biyu, Obasanjo da Buhari, sai da suka je Paris ba da shaida a shari'ar kwangilarta.

Akwai bene na uku da ba a ma tuna da shi ba. Ranar Asabar 26 ga Oktoba, ana tsakiyar duhun, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 44 na Kano. Tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma fitilun titi, magudanan ruwa, kasuwanni, tashoshin mota da kwashe shara, kuma a Yulin shekarar Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Shara tana da alaƙa da turakun wuta fiye da yadda ake zato. Ba duk turken da ya faɗi bam ne ya kayar da shi ba. Da yawa ɓarayi ne ke kwance ƙarafunansa ɗaya bayan ɗaya har iska ta ƙarasa shi, ƙarfen kuma kasuwar gwangwan yake tafiya a auna a kan sikeli. Sana'ar jari-bola halal ce, tana ciyar da dubban matasa, tana rage wa gari datti. Amma babu rajistar dillalai, babu mai tambayar daga ina kaya suka fito. In abin ya ɓaci sai a yi hani na gaba ɗaya, kamar yadda Gwamna Zulum ya yi a Borno a 2023, hukumar Abuja kuma ta yi a farkon 2025 bayan satar murafun kwalbati. Hani yana korar yaron da ke tsintar gwangwani, babban dillalin da ke sayen ƙarfen turke kuma ya sauya gari.

Tun bayan Oktoban, duk mai ɗan hali ya yanke wa kansa hukunci. Dubi rufin gidaje da shaguna da masallatai a Kano ko Kaduna, faifan sola ne ke ƙaruwa, masu haɗa inbata ba sa zama. Wannan ya sauƙaƙa wa wanda ya iya, amma yana da nasa ƙullin. Masu barin layin gwamnati su ne masu iya biyan bil, kamfanin rarrabawa zai rage da waɗanda ba sa iyawa, kuɗin gyara ya ƙara ƙaranci. Batiran da ake ta shigowa da su kuma bayan 'yan shekaru za su mutu, su faɗa hannun yaran da ke fasa su da guduma a bayan gari don ciro dalma, ruwan batirin yana malala inda awaki ke kiwo. Cikin masu barin layin har da mai gidan: a kasafin kuɗin 2025 an ware naira biliyan 10 don kafa wa fadar shugaban ƙasa ta Aso Rock tashar solarta.